Rauta a Shagon Kafinta: Yadda Ake Kula da Ita, da Yadda Ake Tsira da Yatsu

A cikin hayaniyar layin kafintoci, ko a Kugbo ta Abuja ne, ko a Panteka ta Kaduna, ko a shagunan da ke saro katako daga 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, akwai wata ƙara da ba ta ɓuya. Zarton lantarki gurnani yake yi, injin gyara fuskar katako kuma ruri. Ita kuwa rauta ƙararta siririya ce mai tsini, tana ratsa kunne har tsakar ka. Ita ce ke fitar da zanen da ke jikin allon gadon amarya, da lanƙwasar gefen teburi, da kwarmin da ake zura gilashin ƙofar sif. Aikin da a da zai cinye wa kafinta yini guda da kurfi da magagari, yanzu kafin a kira azahar an gama guda goma.

Sirrin wannan sauri yana cikin juyawarta. Babbar rauta takan juya sau 22,000 zuwa 24,000 a minti ɗaya, ƙananan da ake riƙewa da hannu ɗaya don gyaran gefe kuwa har 30,000 suna kaiwa. Idan aka raba 24,000 da daƙiƙa sittin, juyi 400 ke nan a kowace daƙiƙa. Yawancin bakunan rauta kaifi biyu gare su, saboda haka sara 800 suke kai wa katako a daƙiƙa guda. Babu mutumin da zai iya janye hannunsa kafin irin wannan baki ya gama ɓarnarsa. Kuma raunin rauta ya bambanta da na zarto: zarto yanka yake yi, ya bar gefe biyu da likita zai iya haɗawa, rauta kuwa kankare tsoka take yi ta watsar.

Injin ba sabo ba ne a duniya. A Amurka aka fara ƙera irinsa na hannu a farkon ƙarni na 20, kuma a 1929 kamfanin Stanley ya sayi masana'antar R. L. Carter da ta yi suna wajen ƙera shi. Wajen 1949 kamfanin Elu na Jamus ya fito da samfurin da ake dannawa ƙasa, bakin ya nutse a tsakiyar katako, idan an saki kuma sifirin ya ɗago shi. Irin wannan ne ya fi yawa a manyan shaguna yau. A ƙasar Hausa, inda masassaƙa suka daɗe suna fitar da turmi da akushi da kujerar tsakar gida da gizago, rauta ta samu gindin zama ne tare da bunƙasar kayan ɗaki na zamani. Yau kasuwa cike take da Makita da Bosch da DeWalt, sababbi da na gwanjo, ga kuma irin su Ingco da Total masu sauƙin kuɗi.

Wannan cakuɗar ta kasuwa ita ce mafarin wata matsala da ba a cika magana a kanta ba, alhali ta fi kowace kusa da rayuwar kafinta.

A ƙarshen sandar injin akwai wani ɗan ƙarfe mai tsage-tsage da ake kira kolet. Shi ne ke riƙe wutsiyar baki. Idan aka ɗaure notinsa da sifana, sai ya tsuke ya rungume wutsiyar ta kowane gefe. Babu wata ƙusa ko ƙugiya a wurin. Matsi kaɗai ne ke hana ƙarfe mai kaifi tashi sama yana juyi 400 a daƙiƙa. To, shi kolet da ma'auni biyu ake ƙera shi. Akwai na milimita, wato 6 da 8 da 12, wanda ya fi yawa a injunan Turai da na Asiya. Akwai kuma na inci, wato kwata da rabi, wanda Amurka da Ingila suka saba da shi. Kwatan inci milimita 6.35 ne, rabin inci kuma 12.7. Ido ba ya raba 6 da 6.35. Kafinta zai sayi rauta ta gwanjo da ta fito daga Ingila, ya sayi akwatin bakuna da aka ƙera a kan milimita, ya zura, ya ji ya shiga, ya ɗaure iya ƙarfinsa. Bakin zai yi kamar ya kamu. Sai an kunna, an shiga katako mai tauri, girgiza ta fara, sannan ya riƙa zamowa kaɗan-kaɗan. In an yi sa'a, kwarmin ne kawai zai ƙara zurfi a yi asarar allo. In ba a yi ba, bakin ya fice.

Maganin abin ba shi da tsada. Ana rubuta ma'aunin a jikin kolet ko a wutsiyar baki ko a kwalinsa, kuma ƙaramin ma'aunin kauri irin na makanikai ya isa ya raba gardama. Abin da bai kamata a yi ba shi ne dabarar da ake gani a wasu shaguna ta naɗe wutsiya da takarda ko guntun gwangwani don ta cika ramin. Wannan dabara tana karkatar da baki daga tsakiya, kuma karkata komai ƙanƙantarta, a irin wannan gudu, girgiza ce mai cin boris da karya wutsiya. Haka nan idan aka tura wutsiyar kwatan inci da ƙarfi cikin kolet na milimita 6, kolet ɗin ya buɗe ke nan, ba zai sake riƙe komai da kyau ba.

Ko da ma'auni ya dace, zura bakin ma yana da ƙa'ida. Ana tura wutsiyar har ta taɓo ƙasa, sannan a jawo ta baya kamar milimita 2 ko 3 kafin a ɗaure. Dalili kuwa, yayin da noti ke tsukewa yana jan kolet da bakin zuwa ciki. Idan wutsiyar ta riga ta tokare da ƙasa, noti zai yi tauri a hannu alhali riƙon bai kammala ba. A ɗaya ɓangaren, kada a jawo ta waje da yawa don neman ƙarin zurfi. Aƙalla kashi uku cikin huɗu na wutsiyar ya kasance a cikin kolet, kuma bakunan da aka ƙera bisa ƙa'idar Turai suna da wani layi mai alamar K da ke nuna iyaka. Ba a ɗaure noti babu baki a ciki, domin hakan na murƙushe kolet. Ba a kuma barin baki ya kwana a ɗaure, musamman da damina, lokacin da tsatsa ke manne ƙarfe da ƙarfe. A kwance, a goge kolet da ramin da yake zama da ƙyalle da ɗan buroshi, a bar su a bushe, ba mai. Mai a nan santsi yake kawowa a wurin da ake neman riƙo. Idan aka ga layukan gogewa a jikin wutsiya, ko baki ya fara zamewa duk da an ɗaure, kolet ya tsufa, sai a canza shi. Kuɗinsa bai kai na allo ɗaya na katako mai kyau ba.

Duk inda injin ya yarda, wutsiyar rabin inci ta fi ta kwata. Kaurinta ninki biyu ne, amma yawan ƙarfen da ke cikinta ninki huɗu ne, don haka ba ta lanƙwasa ko karyewa da sauƙi.

Su kansu bakunan, masu kyaunsu ana manna musu wani ƙarfe mai tsananin tauri da ake kira kabayid a wurin kaifin. Yana daɗewa bai dakushe ba, sai dai yana da gautsi. Kafintan da ke zuba bakunansa cikin gwangwani ɗaya suna karo da juna, shi ke ɓalle musu kaifi da hannunsa. Guntun katako da aka huda wa ramuka, kowane baki ya tsaya a nasa, ya wadatar. Sau da yawa kuma bakin da ake zaton ya dakushe datti ne kawai ya lulluɓe shi. Katako mai ƙaro irin maje, da gam ɗin da ke cikin filawud da MDF, suna barin wani baƙin danƙo a bayan kaifi, shi kuma ya riƙa tara zafi yana ƙona aiki. A cire ɗan boris ɗin da ke kan bakin in yana da shi, a jiƙa bakin da kananzir, a goge da tsohon buroshin haƙori. Idan wasawa ta kama, fuskar kaifin mai faɗi kaɗai ake gogawa a dutsen wasa mai ƙurar lu'ulu'u, a yi wa kowane kaifi adadi ɗaya, kada a taɓa bayansa, in ba haka ba siffar zanen ta canza kuma nauyin ɓangarorin ya bambanta. Bakin da kabayid ɗinsa ya tsage, ko wutsiyarsa ta lanƙwashe ko da kaɗan, ya gama aiki. Masu aiki da loko, wato iroko, su fi kowa lura, domin wannan itace yakan ɓoye dunƙulen ma'adini mai tauri kamar dutse a cikinsa. Tsohon katako kuma a bincike shi saboda ƙusa.

Sai batun gudu. Akwai masu ɗauka cewa lamba ta ƙarshe a jikin injin ita ce ta ƙwararru. Lissafi bai goyi bayansu ba. Baki mai faɗin milimita 25, idan yana juyi 24,000, gefensa na tafiyar kimanin kilomita 113 a awa. Baki mai faɗin milimita 75, irin na fitar da allon ƙofa, a wannan juyin gefensa ya kusa kilomita 340 a awa. Shi ya sa masu ƙera bakuna ke rage juyi yayin da faɗi ke ƙaruwa: wajen 18,000 ga mai milimita 50, wajen 12,000 ga manyan. Ana buga iyakar juyin a jikin wutsiya ko kwali. Wanda injinsa gudu ɗaya gare shi, ba shi da abin ragewa, bai kamata ya ɗaura masa babban baki ba sam. Manyan bakuna ma ba na riƙewa a hannu ba ne, na rautar da aka kifa a ƙarƙashin teburi ne.

Alkiblar tafiya ita ma ba zaɓi ba ce. Idan aka dubi rauta daga sama, bakinta na juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya. Don haka mai gyara gefen allon da ke gabansa daga hagu zai taso zuwa dama, yana tura injin gaba da juyin bakin. In zai zagaye allo ta waje, sai ya saɓa wa hannun agogo. In ramin ciki ne, ya bi shi. A kan teburi, inda injin ke kife, katakon ake turawa daga dama zuwa hagu. Wanda ya juya wannan tsari zai ji injin ya kama gudu da kansa, yana hawa kan katakon yana fizgar hannu, a teburi kuwa katakon ne zai fice ya bar yatsu suna fuskantar baki. Kada kuma a nemi cin zurfin duka a tafiya ɗaya. Milimita 3 zuwa 6 a kowace tafiya, sau uku ko huɗu, ya fi sauri a ƙarshe fiye da tafiya ɗaya da za ta ƙona allo ta karya baki. A fara da kan allon, inda jijiyar katako ke ƙarewa, domin ɓallewar da za ta faru a kusurwa tafiyar gefe za ta share ta.

A nan ne wata al'ada ta shagunanmu ke buƙatar gyara. Maimakon a matse katako a jikin benci da kilam, sai a kira yaron shago a ce, “Zo ka danne mini nan.” Yaro ya ɗora tafukansa a kan allo, bakin rauta na nufo su, fuskarsa kuma tana daidai inda ɓaraguzai ke tashi. Kilam biyu sun fi hannun kowane yaro riƙo, kuma in injin ya kufce ƙarfe zai sara. Iyayen da suka kawo ɗansu koyon sana'a amana suka bayar.

Matsalar wutar lantarki ta ƙara wa rauta wani haɗari da littattafan masu ƙera ta suke ambata a layi ɗaya kawai, domin a ƙasashensu ba kullum yake faruwa ba. Yawancin injunan suna da maɓallin da ke kulle makunni don kada yatsa ya gaji. Ana cikin aiki sai a ɗauke wuta. Kafinta ya ajiye injin a kan benci ya fita tayar da janareta, ko ya zauna canza baki tunda dai ba wuta, makunni kuwa na nan a kunne. Da an kawo wuta injin zai tashi da kansa, a kan benci ko a hannun mai canza baki. Saboda haka abu na farko idan wuta ta ɗauke shi ne a kashe makunni, a zare filogi. Kowane canjin baki ma sai an zare filogi, a ajiye shi inda ido ke ganinsa. Rautar teburi kuwa ta cancanci irin makunnin nan da ke sakin kansa da zarar wuta ta yanke, ba ya komawa sai an sake dannawa.

Wutar Najeriya da Nijar a kan ƙarfin 220 zuwa 230 take. Injunan gwanjo daga Amurka na 120 ne, akwai kuma na wuraren gini a Ingila masu filogi ruwan ɗorawa, na 110. Duk wanda aka jona kai tsaye zai yi wani irin gudu na ɗan lokaci ya ƙone. A karanta farantin da ke jikin injin kafin a biya kuɗi. Ƙarancin ƙarfin wuta ma yana kashe injin a hankali: babbar rauta na jan wat 1,600 zuwa sama da 2,000, ƙaramin janaretan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke ta ba, doguwar waya siririya kuma tana shanye ƙarfin kafin ya iso. Injin zai yi nauyi, fankarsa ta rage gudu, koyil ya yi zafi har ya yi wari. Game da wayoyi tsirara da ake cusawa a soket a tokare da tsinken ashana, a shagon da ƙasansa ke cike da garin katako, wannan gobara ce ake kira da hannu.

Cikin injin, abubuwa uku ne ke neman kulawa. Na farko kabon, wato gawayin nan guda biyu da ke gogar amaca suna kai mata wuta. Suna cinyewa da aiki. Idan tartsatsi ya yi yawa a ramukan iska, ko injin ya fara yankewa yana dawowa, a buɗe murfinsu a duba. Akwai layin iyaka a jikin yawancinsu, kuma biyun ake canzawa tare, da irin lambar da ta dace. Wanda ya bari suka ƙare har sifirin ya taɓa tagullar amaca, ya mai da gyaran 'yan kuɗi kaɗan zuwa na naɗin koyil. Na biyu boris. A zare filogi, a juya sandar da hannu: in ana jin gurzawa kamar yashi, ko tana motsi gefe da gefe, lokaci ya yi. Na uku ramukan iska. Garin katako da ƙurar hunturu suna toshe su, sai injin ya kasa shan iska. A hure su da abin hura iska a ƙarshen kowane yini. Sandunan da injin ke hawa da sauka a kansu a goge su, a shafa ɗan kakin kyandir. Girisi ƙura yake kamawa har ya zama laka.

Akwai raunin da ba ya zubar da jini, shi ya sa ake raina shi. Ƙarar rauta tana cikin katako sau da yawa takan kai ma'aunin desibel 95 zuwa 100. Cibiyar NIOSH ta Amurka, mai nazarin lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100, minti 15 ke nan a yini. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Tsofaffin kafintocin da sai an ɗaga murya suke ji, ba duka ne tsufa ya jawo musu ba. Abin toshe kunne na soso ko na roba yana cikin mafi arahar kayan shago.

Ƙurar ta fi ƙarar muni. A shekarun 1960 likitoci a garin High Wycombe na Ingila, wanda ya shahara da ƙera kujeru, suka lura da yawaitar wata cutar daji ta cikin hanci a tsakanin masu aikin katako, cutar da ba kasafai ake ganinta a sauran jama'a ba. A 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam cutar daji. Itatuwan da ke zuwa mana daga kudu suna da nasu sharrin na kusa: ƙurar obece da ta loko an san su da tayar da asma, loko na sa ƙaiƙayin fata, mansoniya kuma na jawo atishawa da haɓo. MDF, wanda ya mamaye aikin sif da kabad ɗin kicin, garinsa laushi ne ƙwarai, ga sinadarin gam a cikinsa. Hankici ko takunkumin yadi ba ya tare irin wannan gari. Mai alamar N95 ko FFP2 ake nema, ya zauna daram a kan hanci. A yi aikin inda iska ke wucewa, in da hali a jona injin zuƙe ƙura, a kuma yayyafa ruwa kafin shara. Kofin madarar da wasu ke sha bayan aiki da sunan wanke ƙirji ciki yake tafiya, ƙurar kuwa tana huhu.

Tufafi ma abin dubawa ne. Hannun kaftani mai faɗi, da carbi a wuya ko a hannu, da zobe, da rawani mai jela, duk bakin rauta na iya kamawa. Safar hannu ita ma haka: in kaifi ya kama zare ɗaya, hannun zai ja gaba ɗaya. A naɗe hannun riga, a sa tabarau na kariya mai rufe gefe, a riƙe injin da hannu biyu, a kunna shi bakin bai taɓa katako ba, kuma kada a ajiye shi sai ya tsaya cik. Lokacin da aure ya yi yawa, kamar gabanin azumi da bayan salla, dangin amarya na tsaye a kan kafinta, aiki ya kai dare a hasken fitila ɗaya. Gajiya da gaggawa a nan suke haɗuwa, kuma maigidan kirki a irin wannan dare yakan jinkirta aikin rauta zuwa safe, ya ba yaransa shafa fenti da ɗaure ƙusoshi.

In kuma abin ya auku, mintunan farko suna da muhimmanci. A danne raunin da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a nufi asibiti. Kada a zuba fetur, ko man birki, ko toka, ko garin katako. Ɓata raunin suke yi, suna kuma ƙara wa likita aikin wankewa. Idan yatsa ya guntule, a ɗauraye guntun da ruwa mai tsabta, a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada ƙanƙarar ta taɓa shi kai tsaye. A tafi da shi tare da mai raunin zuwa babban asibitin da ke da likitocin ƙashi da tiyata, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a gaya musu lokacin da abin ya faru da kuma rabon mutumin da allurar tetanus.